Bin Sawun Abin Da Ido Ba Ya Gani: Ɗaliban Ƙasar Katagum Da Jarrabawar Kemistiri

A duk lokacin da jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, motocin da ke tasowa daga Gamawa zuwa Azare sukan rage ɗaukar ɗalibai masu zuwa gida hutun ƙarshen mako, domin kowa ya duƙufa a kan littafi. Daga cikin darussan da ke hana masu karatun kimiyya barci, babu kamar kemistirin kabon, da kuma ɗan'uwansa da ake kira sifektiroskofi, watau ilmin gane sinadari ta hanyar auna yadda yake hulɗa da haske.

A da, ɗan Gamawa ko Udubo ko Gololo da ke son digiri a wannan fanni sai ya niƙi gari zuwa Zariya ko Kano ko Maiduguri, ko kuwa Bauci bayan an buɗe jami'ar fasaha a can cikin 1980. Abin da ke kusa shi ne Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Azare, wadda aka kafa a 1977, yanzu kuma ake kiranta Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh. A 2011 jami'ar jiha ta fara aiki a Gadau, arewa da Azare kaɗan, ita ce Jami'ar Sa'adu Zungur ta yau. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare. Saboda haka karatun ya matso ƙofar gida, amma wuyarsa ba ta ragu ba ko kaɗan.

To, mene ne kemistirin kabon? Kabon dai shi ne baƙin da ke jikin gawayi. Kowace ƙwayar zarra tasa tana da hannuwa 4 da take kama wasu da su, kuma tana iya kama 'yar'uwarta su yi dogon jeri kamar tasbaha, ko su yi zobe, ko su yi rassa. Daga wannan hali ne aka sami miliyoyin sinadarai, tun daga man gyaɗa da sukari har zuwa fetur da maganin zazzaɓi. Masana na dā sun ɗauka cewa irin waɗannan abubuwa sai jikin mai rai kaɗai ke iya yin su, har zuwa 1828 da wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji. Yuriyar nan ita ce dai wadda manomin Gamawa yake saye a buhu yana zuba wa gero da masara.

Watau fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, sunayen ne baƙi. Matar da ta tace toka ta dafa da mai ta yi sabulun salo, aikin da ɗalibi ke zanawa da kibiyoyi a takarda shi ta yi a tukunya. Jan da lalle ke bari a tafin amarya sinadari ne guda da aka san siffarsa. Haka kuma shuɗin baba na marina, wanda Adolf von Baeyer ya bayyana siffarsa a 1883, kamfanin BASF na Jamus kuma ya shiga yin na kanti a 1897, abin da ya karya kasuwar baban gona a duniya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙwayar sinadari ba ta ganuwa. In an miƙa wa mutum farin gari ko ruwa garau a kwalba, ta yaya zai san abin da ke ciki? Amsar wannan tambaya ita ce rabi na biyu na jarrabawar. Akwai na'urar da ke haska sinadari da hasken infared, wanda ido ba ya gani, sai ta zana layi mai kwari da tudu, kowane kwari yana nuna irin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Kwari mai zurfi wajen lamba 1700 alama ce ta kabon da ya kama oksijin da hannu biyu. Faffaɗan kwari tsakanin 3200 da 3600 kuwa yana nuna oksijin riƙe da haidurojin, kamar yadda yake a jinsin alkohol. Akwai na'ura ta biyu mai farfasa ƙwayar sinadari ta auna nauyin gutsattsarin. Ta uku, wadda ta fi su bayani, ita ce NMR, mai aiki da ƙaƙƙarfan maganaɗisu. Felix Bloch da Edward Purcell na Amurka su suka nuna tushenta a tsakiyar shekarun 1940, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Na'urar MRI ta manyan asibitoci a kan wannan tushe take aiki.

Yaron da ya tashi da allo a hannu ba ya tsoron hadda. Wanda ya riƙe izu-izu a kansa tun yana ƙarami, jadawalin lambobi ashirin ko talatin ba zai gagare shi ba, kuma wannan baiwa ce da bai kamata a raina ba. Shi ya sa a daren jarrabawa za ka iske ɗalibai suna bita da ƙarfi, wannan yana jan lamba wancan yana amsawa. Amma mai shirya tambaya ba kasafai yake cewa a kawo jadawali ba. Abin da yakan yi shi ne ya ba da zane uku na wani sinadari da bai faɗi sunansa ba, ya ce a gano shi, a kuma kawo hujja. A nan hadda takan tsaya cik.

Aikin ya fi kama da na mai bin sawu. Bafillacen da saniyarsa ta ɓata a dajin Udubo ba ya yanke hukunci da kofato ɗaya. Sai ya dubi zurfin sawun, da ciyawar da aka tattake, da ɗanyen kashi, ya haɗa su, kana ya ce nan ta bi. Alal misali, akwai sinadarai biyu, asiton da furofanal. Kowannensu yana da kabon 3, haidurojin 6, oksijin 1, nauyinsu duka 58. A infared duk biyun suna ba da kwari mai zurfi a ɗan saman 1700. Ɗalibin da ya tsaya a nan, ya ga lambar da ya haddace ya rubuta amsa, caca ya yi. Sai ya duba NMR. A asiton duk haidurojin shidan zamansu iri ɗaya ne, don haka tsini ɗaya tak ke fitowa, kusa da 2. A furofanal kuwa zamansu kashi uku ne, tsinin ma rukuni uku, ɗaya daga ciki can nesa wajen 9.8, wanda shi ke tona asiri. Tambayar da ta yi kamar dutse sai ga ta ta warware cikin minti biyar.

Wani zai ce duk wannan wahalar neman maki ce kawai. Ba haka ba ne. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka rasu a Nijeriya bayan an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. Bincike ya nuna akwai dayetilin gilaikol a cikinsa, guba mai lalata ƙoda, a inda ya kamata a ce furofilin gilaikol ne, wanda ba ya cutarwa. Su biyun ruwa ne garau mai ɗan kauri da ɗan zaƙi, ido ba ya raba su. Ko a infared ma kowannensu yana da faffaɗan kwarin nan na jinsin alkohol, mai gaggawa zai iya ruɗewa. Amma nauyin ɗaya 76, na ɗayan 106, kuma a NMR mai lafiyar yana da tagwayen tsini kusa da 1 waɗanda gubar ba ta da su sam. Bambancin da ɗalibi ke fama da shi a fitilar waya da tsakar dare ke nan. Irin wannan guba ta sake kashe yara kusan 70 a Gambiya cikin 2022. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta yi amfani da wata ƙaramar na'urar hannu mai suna TruScan wajen gano jabun magani, ita kuwa tana aiki ne da wani halin haske da masanin Indiya C. V. Raman ya gano a 1928.

Manomi ma abin ya shafe shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an riƙa samun ragowar maganin ƙwari daikulobos fiye da ƙima a cikinsa, irin wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don gudun ƙwari. Da na'urar awon nauyi ake kama irin wannan. Kulorin yana da nauyi biyu a halitta, 35 da 37, na farkon ya ninka na biyun sau uku, saboda haka duk gutsuren da ke ɗauke da kulorin ɗaya yakan fito da tsini biyu, dogo da gajere, uku bisa ɗaya. Wannan ma tambayar jarrabawa ce da ba ta tsufa. Ƙasar da ke noman wake da riɗi kamar Gamawa tana da bukatar 'ya'yanta su iya wannan karatu, don mai saye a ƙetare da na'ura yake ciniki, ba ya karɓar rantsuwa.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, a yawancin makarantun ƙasar nan ɗalibin digirin farko a takarda yake saduwa da NMR. Na'urar tana da tsada ƙwarai, manyanta suna bukatar ruwan hiliyom mai tsananin sanyi don maganaɗisun, ga kuma wutar lantarki da ba ta yankewa. Koyon karanta zanen na'urar da mutum bai taɓa gani ba kamar koyon sukuwa ne a kan turmi. Duk da haka ba a rasa dabara ba. Wata cibiyar binciken gwamnatin Japan tana da rumbun zane-zanen dubban sinadarai a intanet mai suna SDBS, kyauta ga kowa. Ɗalibai huɗu ko biyar da waya ɗaya za su iya mai da shi wasa ƙwaƙwalwa: ɗaya ya zaɓo sinadari ya ɓoye sunan, saura su gano. Wanda ya warware talatin haka ya fi wanda ya karanta babi ɗaya sau goma. Siffar ƙwaya kuma, wadda ke rikita mutane a shafi, da curin laka da tsinken tsintsiya ana gina ta a juya ta a hannu.

Tsarin aikin a zauren jarrabawa ba ya canzawa. A fara da nauyi da lissafin ƙwayoyin zarra, a san yawan zobe ko ɗauri biyu da za a nema. Sai infared ya faɗi jinsi. Sai NMR ya faɗi wa ke maƙwabtaka da wa, bisa ƙa'idar nan cewa haidurojin mai maƙwabta biyu tsininsa kan rabu uku, mai maƙwabta uku kan rabu huɗu. In an zana amsa, a koma a gwada ta da kowace alama. Tsini ɗaya da bai sami mazauni ba ya isa ya rushe ta, kuma a nan ne masu hanzari suke zubar da maki.

Waɗanda suka haye wannan gada, a shekarar ƙarshe da yawansu sukan ɗauki aikin bincike a kan itatuwan gida, su tatso ruwan bagaruwa ko sabara ko darbejiya su nemi abin da ke ciki. Ya kamata su shiga da haƙuri. Sinadarin darbejiya mai hana fara da sauran ƙwari cin ganye, azadiraktin, an ware shi a Jami'ar Keele ta Ingila a 1968. Yana da kabon 35, haidurojin 44, oksijin 16, kuma sai a tsakiyar shekarun 1980 masana suka daidaita a kan siffarsa, bayan an buga wata da ta zo da kuskure. Haɗa shi a ɗakin gwaji kuwa ya ci wa Steven Ley da mutanensa shekara 22, suka kammala a Kambirij cikin 2007.