Daga Jan Waya Zuwa Ba Inji Umarni

A Badafi da garuruwan da ke kewaye da mu, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, da wuya a rasa saurayi mai yawo da filaya da testa a jaka. Aikinsa jan waya a sabon gida, gyaran fanka da haɗa sola. Bayan kaka, sa'ad da mutane ke gini, aljihunsa yakan yi nauyi. Da damina ta sauka kuwa, sai ya ajiye jaka ya ɗauki fartanya. Da irin wannan saurayi da iyayensa muke so mu yi magana yau, gama akwai matakin da ke gaba da wayarin.

Wanda ya leƙa cikin allon wuta na masana'anta a Sharaɗa, Bompai ko Chalawa a Kano zai ga wani ƙaramin akwati da wayoyi ke shiga suna fita. Masu aiki suna kiransa PLC, watau kwamfutar da ke ba inji umarni. A Amurka aka fara shi. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi abin da zai maye gurbin ɗaruruwan rile, domin duk lokacin da aka canza samfurin mota sai an kwance wayoyi an sake ɗaurawa. Dick Morley da abokan aikinsa suka ƙera Modicon 084. Tun daga nan, maimakon a canza waya, sai a canza rubutaccen umarni.

Aikin akwatin nan kashi uku ne. Yana duba saƙon da makunnai da na'urorin awo suka aiko, ya bi umarnin da aka rubuta masa, sa'an nan ya kunna ko ya kashe inji. Haka yake maimaitawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Mu ɗauki misalin rijiyar burtsatse. Idan ruwan tanki ya yi ƙasa, a tada famfo. Idan ya cika, a tsayar. Idan rijiyar ta ƙafe, a tsayar kuma a kunna jar fitila, kada famfo ya ƙone. Wanda ya iya rubuta waɗannan layuka uku ya kama bakin zaren.

Abin ƙarfafawa shi ne, hanyar rubutun da aka fi amfani da ita, wadda ake kira zanen tsani, an tsara ta ne ta yi kama da zanen wayoyin rile da masu gyaran wuta suka riga suka sani. Tana cikin ƙa'idar duniya ta IEC 61131-3 da aka fitar a 1993. Saboda haka wanda ya taɓa haɗa kwantakta da taima da hannunsa ya ci rabin tafiya, ya kuma fi wanda ya san kwamfuta kawai, domin ya san abin da ke ƙarshen waya.

Ina aikin yake? Ba a birni kaɗai ba. A Bebeji madatsar Tiga take, wadda aka gama a 1974, inda gwamnatin jiha ta gina tashar wuta mai megawat 10. A Kadawa an buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a 2016, ko da yake ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir. Ga kuma kamfanonin gyaran shinkafa da na ruwan leda. Injin zamani idan ya tsaya, kowace awa hasara ce ga mai shi, kuma wanda ya iya karanta umarnin ya gano laifin shi ake nema.

Amma zafin nema ba ya kawo samu. Da fari, a ƙware a wuta mai layi uku, mai bolt 415, da karanta zane. Na biyu, a nemi takarda: gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, ko jarrabawar NABTEB. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Bagauda, hukumar ITF da aka kafa a 1971 kuma tana da cibiyar koyon sana'a a Kano. A je a tambayi abin da suke koyarwa. Na uku, a zaɓi samfuri ɗaya, ko Siemens ko Mitsubishi, a lizimce shi. Manhajoji irin su CODESYS da OpenPLC kyauta ake saukar da su, ana gwaji a kwamfuta ba tare da inji ba.

Gargaɗi ɗaya muke da shi. Kuskuren layi guda yana iya tada inji alhali hannun mutum na ciki. Kada a taɓa umarni sai an adana kwafin na asali. Maɓallin tsayarwar gaggawa kuwa ya yanke wuta da kansa, kada a dogara ga rubutu kaɗai.

Iyaye da iyayen gida, idan yaronku ya nuna kai, ku haɗa hannu ku samo masa tsohuwar kwamfuta. Samari huɗu ko biyar ma suna iya yin adashi su sayi ƙaramin PLC guda, su fara da tankin ruwan unguwarsu.