FASHIN BAƘI: Inshorar kyanwa da ta dabbobin kiwo: Abin da mutanen Kankiya da Kusada ya kamata su sani kafin su zuba kuɗinsu

A gidaje da shaguna da rumbunan hatsi na Kankiya da Kusada, kyanwa ma'aikaciya ce. Aikinta kama ɓera, ladanta kuwa ɗan sauran tuwo da wurin kwana. Duk wanda ya ce zai riƙa biyan kamfani kuɗi duk wata domin lafiyar mage, da wuya ya tsira daga dariyar majalisa.

Sai dai tambayar da ke ƙarƙashin wannan batu ba ta dariya ba ce: idan dabba ta kwanta ciwo ko ta mutu, wa zai ɗauki asarar? A wannan yanki akuyar da matar aure ta ɗaure a turke ita ce asusunta na ranar haihuwa da ranar kai yaro asibiti. Ragon da matashi ke kiwatawa domin Babbar Sallah shi ne jarinsa na shekara. Shanun huɗa kuwa, idan ɗaya ya faɗi a farkon damina, noman gidan gaba ɗaya ya shiga garari.

Wannan bayani ya duba yadda inshorar dabbobi ke aiki, abin da dokar Najeriya ta tanada, da wuraren da mai dabba zai iya faɗawa rami idan bai karanta takarda da kyau ba.

Inshorar dabba iri biyu ce

Iri na farko shi ne na kuɗin jinya. Mai kyanwa ko kare yana zuba wani adadi duk wata ko duk shekara. Idan dabbar ta yi rashin lafiya ko mota ta buge ta, sai ya kai ta asibiti, ya biya, ya aika wa kamfani rasit, kamfani ya mayar masa da wani kaso na abin da ya kashe. Wannan shi ne ya yi ƙarfi a Sweden da Birtaniya da Amurka.

Iri na biyu shi ne na diyyar mutuwa. Ana yi wa dabba kuɗi tun farko, idan ta mutu ta ɗaya daga cikin hanyoyin da aka rubuta a yarjejeniya, sai a biya mai ita. Wannan shi ne wanda aka fi sani a harkar kiwo.

Abin lura shi ne, inshorar kyanwa ta Turai ma daga garke ta samo asali. Kamfanin Agria na Sweden ya fara ne a 1890 da dawaki da dabbobin manoma. Sai a 1924 aka yi wa kare na farko inshora a ƙasar. A Amurka kuwa sai 1982, kuma takardar farko an rubuta ta ne da sunan Lassie, karyar nan da ta yi suna a talabijin. Wato an fara da dabbar da ke ciyar da gida, daga baya aka kai ga ta shafawa.

Idan mai kyanwa ya dage, me zai duba?

A manyan birane irin su Kano da Katsina akwai matasan da ke sayen kyanwoyin ƙasashen waje da tsada, kuma ba mamaki wasu su ci karo da tallar inshora a intanet. Sharuɗɗan irin wannan yarjejeniya kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma sanin su zai amfani har mai awaki.

Na farko, cutar da dabba ta riga ta kamu da ita kafin a sa hannu ba ta cikin lissafi. Kyanwar da ke da ciwon ƙoda tun bara, kamfani ba zai biya jinyar ƙodarta ba.

Na biyu, akwai kwanakin jira. Ba ranar da aka biya kuɗi kariya ke fara aiki a kan cututtuka ba. Sai an yi wasu kwanaki, sau da yawa kimanin mako biyu, domin kada mutum ya ga dabbarsa ta fara zawo sannan ya ruga ya yi rajista.

Na uku, akwai kason da mai dabba zai fara biya daga aljihunsa a kowace jinya, sannan akwai iyakar abin da kamfani zai biya a shekara. Takarda mai arha sau da yawa ita ce mai babban kaso da ƙaramar iyaka.

Na huɗu, rigakafi da maganin tsutsar ciki da fiɗiya yawanci ba sa cikin yarjejeniyar asali. Bugu da ƙari, kamfani na iya ƙin biya idan dabbar ta kamu da cutar da ake da allurarta amma ba a yi mata ba.

Duk waɗannan sharuɗɗa sun dogara ne a kan abu ɗaya: likitan dabbobi mai rajista wanda zai duba, ya rubuta, ya ba da rasit. Manyan asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, suna da nisa da mutumin Kusada. Wanda jinyar dabbarsa ba ta wuce sayen ƙwaya a tebur ranar kasuwa ba, ba shi da takardar da zai nuna wa kamfani.

Saboda haka ga mai kyanwa a wannan yanki, abin da ya fi inshora sauƙi da amfani shi ne allurar rigakafin cutar haukan kare da maganin tsutsa a kan lokaci, da ɗan abin da zai riƙa ajiyewa gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, amma kyanwa ma na ɗaukar cutar, kuma ita ce ke kwana kusa da yara.

Me doka ta tanadar wa mai kiwo?

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar noma a 1987, sannan Doka ta 37 ta 1993 ta kafa Hukumar Inshorar Noma ta Ƙasa, wato NAIC. Tsarin ya tanadi rangwamen rabin kuɗin zubi: Gwamnatin Tarayya ta ɗauki kashi 37.5 cikin ɗari, jiha ta ɗauki kashi 12.5, manomi ya biya sauran rabin. A misali, idan kuɗin zubin saniya ya kama naira 10,000, mai ita zai biya 5,000, Abuja ta biya 3,750, Katsina ta biya 1,250.

Dokar ta kuma wajabta wa wanda ya karɓi bashin noma daga banki ko daga shirin gwamnati ya yi inshora. Shi ya sa manoma da dama suka taɓa biyan kuɗin inshora ba tare da sun sani ba: an cire ne daga cikin bashin, ba a ba su takarda ba, ba a kuma faɗa musu inda za su kai ƙorafi ba.

A ɓangaren dabbobi, dokar ta lissafa abubuwan da ake biyan diyya a kansu: mutuwa ko rauni sakamakon haɗari, cuta, gobara, tsawa, guguwa ko ambaliya.

Babban giɓin: sata

A wannan jeri babu sata, babu fashin daji. Ga makiyayin Jihar Katsina kuwa, wannan ne ke hana barci. Satar shanu da ta addabi ƙananan hukumomin bakin dajin Rugu ta bazu a shekarun baya-bayan nan zuwa tsakiyar jihar, har ƙauyukan Kankiya da Kusada. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Charanci, maƙwabciyar Kankiya, wadda kasuwarta ta Lahadi ita ce madubin farashin dabbobi a yankin.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke gudun wannan haɗari a bayyane yake. Inshora na rayuwa ne idan mutane da yawa suka zuba, kaɗan suka yi asara. Idan kuwa ɓarayi za su kore garken ƙauye guda a dare ɗaya, asusun ba zai ɗauka ba. Ga kuma wahalar tabbatarwa: saniyar da ba ta da lamba a kunne ko rajista, ta yaya za a gane an sace ta ne ko an sayar?

Don haka duk wakilin da ya ce inshorarsa ta haɗa da sata, a nemi ya nuna layin da aka rubuta hakan, a kuma duba ko an ware “tarzoma”, “ta'addanci” ko “fashi da makami” a wani sashe na daban. Abin da aka faɗa da baki ba ya zama hujja ranar neman diyya.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi al'ada. Bahaushe idan ya ga dabbarsa za ta mutu, wuƙa yake nema ya yanka domin kada ta zama mushe. Kamfanin inshora kuwa yana so a sanar da shi cikin gaggawa, likita ya ga gawar, ya rubuta musabbabin mutuwa. Wanda ya yanka ya sayar wa mahauta kafin likita ya zo, yana iya rasa diyya. Dole a fayyace wannan tun kafin a biya ko sisi.

Batun halacci

Da yawan mutane a Arewa na ƙin inshora ne saboda addini, kuma suna da madogara. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai ɓata ciniki, amma ta halatta ta taimakekeniya, inda masu zubi ke ba da kuɗinsu a matsayin gudunmawa ga asusun da suka mallaka tare. Wannan shi ne takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979. A Najeriya, hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful na aiki da lasisi.

Tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Fulani na da habbanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke aron karsana ya riƙe har ta haihu, ya tsira da 'ya'yan, ya mayar da uwar. Mata na da adashi da bayar da kiwo a raba 'ya'ya. Raunin waɗannan hanyoyi shi ne, idan annoba ko hari ya faɗa wa gari, mai taimako da wanda za a taimaka duk sun zama ɗaya.

A arewacin Kenya an gwada wata dabara tun 2010 a yankin Marsabit: ana auna yawan ciyawa ta hoton tauraron ɗan'adam, idan ta yi ƙasa da wani mizani sai a biya duk masu rajista ba tare da ƙirga mushe ba. A 2013 aka kai samfurin takaful na wannan tsari yankin Wajir. Dabarar ta rage tsadar bincike, amma fari kawai take aunawa. Tauraro ba ya ganin ciwon huhun shanu, ba ya ganin ɓarawo.

Inda alhakin gwamnati yake

Mafi yawan cututtukan da ke kashe dabbobi a yankin suna da rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa allurar ciwon huhu, da ta saifa, da ta harbin daji, da ta annobar PPR mai sa awaki da tumaki majina da zawo, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. Cutar bushiya da ta taɓa share garkunan Arewa an ayyana kawar da ita daga duniya a 2011, kuma allura ce ta yi wannan aiki. Inda rigakafi ke zuwa a kan lokaci, mutuwa na raguwa, kuɗin zubin inshora ma na sauka.

Kuɗi da hukumomi kuwa akwai su a takarda. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin bunƙasa kiwo na L-PRES. A Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, wadda daga baya aka naɗa Idi Mukhtar Maiha ya jagorance ta. A 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora. A shekarar ce kuma gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da shirin raba dubban awaki, akasari ga mata.

Wannan ya ba matasan mazaɓar Kankiya, Kusada da Ingawa tambayoyin da za su iya yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarsu a rubuce. Likitocin dabbobi nawa ne masu rajista ke aiki a kowace ƙaramar hukuma? Yaushe aka yi rigakafin gama-gari na ƙarshe, kuma dabbobi nawa aka yi wa? Shin jiha na biyan kasonta na 12.5? Awakin da aka raba, an yi musu allura da inshora, ko kuwa idan sun mutu matar da aka ba ita ce da asara?

Ba za a manta ba cewa masu dabbobin su ma ba su tsira ba. Duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Najeriya, da hukumar KATSCHMA da jihar ta kafa, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. A ƙauye, wannan aljihu sau da yawa akuya ce. Idan PPR ta kashe ta a watan sanyi, kuɗin asibitin yaro na watan damina ne ya tafi.

Kafin a sa hannu

Duk wanda aka tallata wa inshorar dabba, ko kyanwa ce ko saniya, ya fara tabbatar da cewa sunan kamfanin na cikin jerin masu lasisi na NAICOM, ya kuma karɓi cikakkiyar takardar yarjejeniya, kada ya tsaya a kan rasit. Ya nemi wanda zai karanta masa sashen abubuwan da ba a biya, domin a nan ne rigima ke tasowa. Ya san cikin awa nawa ake so ya kai rahoto, wane likita ne kamfani ya yarda da shi, kuma wa zai biya kuɗin zuwansa. Ya adana katin rigakafi da hoton dabbar. Idan kamfani ya ƙi biyan haƙƙin da ya tabbata, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi.

Masu ƙananan dabbobi kuma za su fi samun sauƙi idan suka shiga a ƙungiyance, domin likita ɗaya zai iya duba awakin unguwa guda a yini ɗaya, kuma kamfani ya fi sauraron ƙungiya mai rajista fiye da mutum ɗaya da ya zo daga ƙauye da takarda a hannu.