Abin da Baƙon Wuri Yake Haddasawa a Ƙwaƙwalwar Ɓera

A can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, haka ma ta ɗan Adam, akwai wani sashe mai lanƙwasa da masana suke kira hifokamfus. Sunan daga harshen Girka ya samo asali, saboda kamanninsa da wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki. An gane muhimmancinsa ne tun daga 1953, lokacin da aka cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, mafi yawan wannan sashe don magance masa farfaɗiya. Ciwon ya lafa, amma daga ranar ya kasa riƙe sababbin abubuwan da suke faruwa da shi.

A 1971 John O'Keefe da Jonathan Dostrovsky suka gano a Landan cewa wasu ƙwayoyin jijiya na hifokamfus ba sa motsawa sai ɓera ya taka wani gurbi takamaimai. Wato kowace ƙwaya da nata wurin, idan an haɗa su sai su zama taswira. Wannan aiki ne ya kai O'Keefe ga lambar Nobel a 2014.

To, yaya lamarin yake idan ɓera ya faɗa inda bai taɓa shiga ba? Matthew Wilson da Bruce McNaughton sun bi diddigin wannan a Jami'ar Arizona a 1993. Sun tarar cewa a 'yan mintunan farko taswirar ba ta da tsayayyen fasali, sai bayan kimanin minti 10 take daidaita. A wannan tsakani, ƙwayoyin da aikinsu shi ne taka wa sauran birki sukan sassauta, tamkar an saki linzami don a samu damar koyo.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda Tomonori Takeuchi da Richard Morris da abokan aikinsu suka buga sakamakonsa a 2016 daga Jami'ar Edinbara. Sun koya wa ƙananan ɓeraye tono abinci daga cikin yashi, abin da sukan mance wurinsa kafin kwana guda. Amma in an bar ɓera ya yi yawon minti 5 cikin akwati mai baƙon daɓe, minti 30 bayan darasin, sai gobe ya nufi ramin da ya dace. Abin mamaki, akwatin ba shi da wata alaƙa da abincin ko kaɗan. Baƙuntar ce ta tayar da wani ɗan gungun ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa, mai suna lokus seruliyas, wanda ya aika saƙo zuwa hifokamfus. Da aka toshe kafofin karɓar sinadarin dofamin a hifokamfus, sai ɓerayen suka koma mantuwarsu.

Ɓera dai ba mutum ba ne, bai kamata a yi gaggawar ɗora sakamakon a kan ɗalibai ba. Sai dai likitoci suna sa ido, domin lokus seruliyas da hifokamfus suna cikin sassan da cutar mantuwa ta Alzheimer take fara taɓawa.