Shergar: Ingarman Da Ya Ɓace Da Iri A Jikinsa

A 1981 ne Shergar, dokin Aga Khan, ya ci babbar sukuwar Derby a Epsom ta Ingila, ya ba na biyu ratar tsawon dawaki 10, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ubansa Great Nephew shi ya haifi Grundy, zakaran 1975.

Aka yi wa Shergar kuɗi fam miliyan 10, aka kai shi Ailan domin barbara. Ran 8 ga Fabrairu 1983 waɗansu 'yan bindiga suka sace shi daga barga, suka nemi fansar fam miliyan 2. Ba a biya ba. Har yau ko mushensa ba a gani ba.