Ka Kama Bakin Yadi Tun Bai Zare Ba

A shirinmu na wannan mako mun taɓo abin da ke kashe tufa tun ba ta tsufa ba, wato ɗanyen bakin yadi.

Yadi dai saƙa ce, zaren tsaye da na kwance. Gefen da ya fito daga masaƙa a ɗaure yake, amma duk inda almakashi ya bi, zare ya samu ƙofa. Wanki biyu ko uku, sai ya riƙa zarewa har ya cim ma ɗinkin, hammata ta ɓarke. Kai kuwa kana can daji da shanu, tela sai ranar kasuwa.

Telolin birni sukan kai kaya wurin mai injin wibin. To, in babu shi fa? Baƙin keken nan na ƙafa, Butterfly ko Singer, mai miƙaƙƙen ɗinki kaɗai, ya wadatar. Ga hanyoyi uku.

Ta farko, kalmasa biyu, don bakin zane, rawani da gindin riga. Ka lanƙwasa bakin santimita 1, ka danne da dutsen guga, ka sake lanƙwasawa, sannan ka bi shi da keke. Ɗanyen bakin ya shige ciki ke nan.

Ta biyu, ɓoye baki, don yadi mara kauri kamar boyel. Ka haɗa ƙyalle biyu, fuskarsu tana waje, ka ɗinka rabin santimita daga baki. Ka rage bakin da almakashi, ka juya su fuska ta haɗu da fuska, ka goge, ka sake ɗinkawa santimita 1. Ɗinki na biyu ya haɗiye na farko.

Ta uku, kwantaccen ɗinki irin na wandon jins, don wando da jakar tafiya. Bayan ka haɗa, sai ka rage baki ɗaya, ka naɗe shi da ɗan'uwansa mai faɗi, ka kwantar, ka bi ta kai. Layi biyu ne ke riƙe da shi, shi ya sa yake jure wahala.

Allura lamba 14 ta isa atamfa, yadi mai kauri kuwa sai 16 ko 18. Kada ka ce za ka ƙona bakin da ashana: yadin roba ne ke narkewa ya kame, auduga kam ci za ta yi.

Kai kuma ɗan kasuwa mai saro ɗinkakkun kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, kafin ka biya, juya riga ɗaya ka dubi cikinta. In ka ga zare yana reto, ka san mai saye zai dawo maka da ita, ko ya daina zuwa rumfarka. Araha ba ta ado.

Allah ya kai mu mako na gaba lafiya.