Fotenshiyomita

Fotenshiyomita, wanda masu gyaran rediyo a Kano suka fi sani da bolum, ƙaramin kayan lantarki ne mai ƙafafu uku da ake murɗawa don ƙara ko rage ƙarfin sauti. Ana samunsa a rediyo da amfilifayar lasifika. Sunan ya samo asali daga hanyar awon ƙarfin lantarki da masanin kimiyya na Jamus, Johann Christian Poggendorff, ya fito da ita a shekarar 1841.

Yadda yake aiki

A cikinsa akwai wani siririn layi mai lanƙwasa, galibi na kabon, wanda ke turje wa wutar da ke bi ta kansa. Ƙafafu biyu na gefe suna haɗe da bakin layin biyu, ta tsakiya kuma tana haɗe da ɗan harshen ƙarfe da ke goga layin idan aka murɗa sanda. Inda harshen ya tsaya ne ke ƙayyade yawan sautin da zai wuce. Ana auna turjiyar da ohm.

Iri biyu aka fi sani. A mai alamar B, turjiya tana sauyawa daidai da murɗawa. A mai alamar A, tana farawa a hankali sannan ta ƙaru da sauri, kuma shi ya dace da sauti, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarin ƙara daidai da ƙarin wuta. Wasu tsofaffin kamfanonin Turai sun yi amfani da haruffan akasin haka, don haka ake auna na kwance da mita kafin a saka.

A amfilifaya mai bawul

Bawul kwan gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa. John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest kuma ya ƙara masa sashe na uku a Amurka a 1906, abin da ya ba da damar ƙara ƙarfin sauti. Bayan ƙirƙiro taransista a 1947, bawul ya ja baya, amma har yau masu jita da masu sha'awar haɗa kaya da hannu suna amfani da irin su 12AX7 da EL84.

Bawul yana aiki da wuta mai ƙarfi, sau da yawa tsakanin volt 250 zuwa 400, kuma yana zafi sosai. Taransifoma da bawul suna cinye mafi yawan akwatin, shi ya sa mai haɗawa ke neman rage wuri a fuskar gaba. Bolum ɗin da ake sa wa bawul yakan kai kilo-ohm 250 ko 500 ko 1,000, na taransista kuwa yawanci 10 zuwa 100 ne.

Girma da zaɓi

An fi sayar da masu faɗin milimita 24 da 16 da 9. Kamfanoni irin su Alps da Alpha da Bourns suna ƙera su. Ƙarami yana barin wuri, amma ba ya ɗaukar wuta kamar babba. Mai milimita 24 yakan jure kwata zuwa rabin wat, mai 16 kuwa ƙasa da kwata.

Misali, idan aka ɗora volt 300 a kan kilo-ohm 500, zafin da zai fita wat 0.18 ne. Babba zai ɗauka, ƙarami kuwa yana iya ƙonewa. Amma a gurbin ƙara sauti, inda kondensa ta tare babbar wuta, sigina kaɗan ce ke wucewa, mai milimita 16 ya wadatar. Don haka gurbin da za a saka shi ne ke yanke hukunci, ba wurin da ya rage a akwati ba. Ƙafafun mai milimita 9 suna kusa da juna, an yi su ne don allon kewaye, liƙa musu waya da dalma yana da wuya, zafin dalmar ma yana iya lalata layin.

A karkarar arewacin Kano

A ƙauyukan Bichi da Dambatta da Makoɗa da Minjibir, inda gonaki da gidaje suke a cunkushe, lasifika tana da muhimmanci ga kiran salla da huɗuba da sanarwar mai unguwa da tallar ranar kasuwa. Saboda ƙarancin wutar lantarki, yawancin amfilifayoyin na taransista ne masu aiki da batirin volt 12 ko sola, masu bawul kuwa ba su da yawa. Duk da haka matsalar bolum ɗaya ce. Ƙurar hunturu tana shiga ta tagar da ke kusa da ƙafafu, sai a ji ƙarar karce idan an murɗa, ko sauti ya riƙa yankewa ana tsakiyar huɗuba. Mai rufaffen jiki ya fi jure wannan. Masu gyara sukan sayo kayan daga kasuwar Sabon Gari a birnin Kano, don haka saka wanda bai dace ba yana nufin sake kuɗin mota da kwanaki babu lasifika.

Kariya

Kondensar amfilifaya mai bawul tana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare filogi. Ana sauke wannan wuta a kuma auna da mita kafin a taɓa ciki. Ana nisanta bolum daga bawul da taransifoma, a kuma haɗa jikinsa na ƙarfe da akwatin don rage gurnani.