Zakaran Sarki da Birnin da Ya Faɗi

[Kiɗan gurmi, sannan ya lafa]

 Iyayenmu da suka kishingiɗa bayan sallar isha'i, 'yan'uwa direbobin manyan motoci da suka yi fakin a bakin titi suna jiran gari ya waye su kama hanyar Sinkase, da maƙwabtanmu Kiristoci da na san wasunsu ba sa bari wannan shiri ya wuce su, sannunku duka. Daga nan Zongon Lome muke gaishe ku. Yau tafiyarmu mai nisa ce, za mu koma baya fiye da shekara 1,600, amma ku kwantar da hankalinku, a ƙofar gida za mu sauka.

Bari in fara da zakara. E, zakara na ce.

A shekara ta 410 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sarkin da ke riƙe da yammacin daular Rum sunansa Honoriyus. Ba ma a cikin birnin Rum yake zaune ba, ya tare a wani gari da ake kira Rabenna, wanda fadamu suka kewaye, don ya fi wuyar kai wa hari. An ce mutum ne mai son kiwon kaji, har yana da wani ƙaton zakara da ya raɗa wa suna Rum. Ran nan sai ga bafade ya shigo a firgice ya shaida masa cewa Rum ta halaka. Sarki ya zabura, hankali a tashe, yana mamakin yadda za a yi haka alhali yanzun nan ya ba shi tsaba a tafin hannunsa. Da aka fahimtar da shi cewa birnin ake nufi, sai ya yi ajiyar zuciya ya koma ya zauna. Zakara dai na nan lafiya.

To, kada ku rantse da wannan labari. Wanda ya rubuta shi, Furokofiyus, ya zo ne fiye da shekara 100 bayan faruwar abin, kuma kun san sarkin da gari ya ci a hannunsa ba ya rasa masu yi masa ƙari. Amma faɗuwar birnin, wannan kam ta tabbata. Ranar 24 ga Agusta, 410, mayaƙan ƙabilar Got ƙarƙashin Alarik suka shiga Rum, suka kwana uku suna kwasar ganima. Ku riƙe mani wannan rana, 24 ga Agusta, za mu sake gamuwa da ita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na ɗan gidan fatake, shi ne abin da ya faru shekara biyu kafin nan. A 408 Alarik ya yi wa birnin ƙawanya har yunwa ta shiga, sai manyan gari suka nemi a yi ciniki. Ku ji kuɗin fansar da aka yanka masu, da ma'aunin Rumawa wanda fam ɗinsa ya kai kusan sulusin kilo: zinariya fam 5,000, azurfa fam 30,000, rigunan siliki 4,000, jemammun fatu masu jan rini 3,000, sannan masoro fam 3,000. Masoro, jama'a! Kusan tan guda. Wannan yaji daga Indiya ake kawo shi ta teku, sai mai hali ke zuba shi a miya. Iyayenmu mata da ke sayar da kayan ƙamshi a kasuwa, kun ji darajar hajarku: an taɓa jera ta sahu ɗaya da zinariya don a fanshi babban birnin duniya. Kuma duk da haka fansar ba ta hana komai ba, jinkiri kawai ta saya.

Kafin faɗuwar 410, an yi kusan shekara 800 baƙon mayaƙi bai ci Rum ba. Mutanenta kan kira ta madawwamin birni. Shi ya sa da labari ya bazu, har malami irin Jerom, wanda ke zaune a Baitalami yana aikin fassara da sharhin littattafai, sai da ya kasa ci gaba da aikinsa na wani lokaci.

Sai tambaya ta tashi, irin wadda ke tashi a ko'ina in masifa ta sauka: laifin wa? A gurguje, ga yadda abin yake. A 313 Sarki Kwanstantin ya ba Kiristoci 'yancin addini. Kafin ƙarnin ya ƙare, Sarki Tiyodosiyus ya hana yanka wa gumaka. Masu bin addinin gargajiya suka ce to ga shi nan: muddin muna yi wa allolin kakanninmu hidima birni na tsaye, kun zo kun rufe ɗakunansu, ko shekara 20 ba a cika ba an ci mu.

Su ma Kiristocin bakinsu ya mutu, domin wasu malamansu sun riga sun ɗaure kansu da igiyarsu. Yusibiyus, bishop na Kaisariya, ya yi ta yabon Kwanstantin yana nuna cewa ɗaukakar daular da nasarar addinin tafiyarsu ɗaya, nufin Allah ne ya haɗa su. Wanda ya ce ƙarfin sarki shi ne hujjar gaskiyar addininsa, me zai ce ranar da aka kori sarkin?

Amsa daga nan nahiyarmu ta fito. Agustin, haifaffen Tagaste, garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya, an haife shi a 354, shi ne bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, a bakin teku. 'Yan gudun hijira daga Rum suka riƙa sauka a gaɓar Afirka da ƙorafinsu. Wani babban jami'in daula, amininsa, mai suna Marsilinus, ya roƙe shi ya ba da amsa a rubuce. Ya fara a 413, bai gama ba sai wajen 426. Littafi 22 a dunƙule, sunansa Birnin Allah.

Abin da ya fara yi ya burge ni. Kafin ya shiga doguwar jayayya, sai da ya tsaya kan masu ciwo. Akwai waɗanda 'yan'uwansu suka mutu ba a samu binne su ba, ya ce wannan ba ya rage mamaci da komai a wurin Mahaliccinsa. Akwai matan da mayaƙa suka keta wa haddi, mutane na yi masu kallon banza, ya ce babu zunubi a kan wanda aka fi ƙarfinsa, laifin na wanda ya aikata ne. Sannan ya juya kan masu zargi ya buɗe masu tarihinsu da kansu: yaƙe-yaƙen basasa, annoba, ƙone birnin da Galawa suka yi, duk tun gumaka na shan jinin yanka safe da yamma. A lokacin ina suke?

Daga nan ya taɓo inda ke yi wa masu mulki ƙaiƙayi. Ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka kamo aka gurfanar gaban Iskandari, sarkin Makidoniya da ya ci ƙasashe har Indiya. Sarki ya tuhume shi da addabar teku. Mutumin, maimakon ya nemi afuwa, sai ya nuna wa sarki cewa sana'arsu ɗaya: shi da ɗan jirginsa guda ake ce masa ɓarawo, sarki da tarin jiragensa ake ce masa mai duniya. Agustin ya ba ɗan fashin gaskiya. A ganinsa, mulkin da aka zare wa adalci ƙungiyar 'yan fashi ce da ta yi girma. Ni dai karanto maku nake yi, kada wani ya ce da shi nake.

Ya ƙara da cewa Allah na ba da sarauta ga na kirki da mugu: wanda ya ba Kwanstantin Kirista shi ya ba Juliyan wanda ya yi ridda. Saboda haka ba a auna gaskiyar imani da faɗin ƙasa, ba a kuma ƙaryata shi da rushewar ganuwa. Birane biyu ne, in ji shi, a cakuɗe cikin duniya har ranar hisabi: na masu son kansu da na masu son Allah. Ba a gane su da tuta ko iyaka, a kasuwa ɗaya suke cin abinci.

To, ga inda na ajiye littafin na yi shiru. Da zai siffanta mutanen birni na biyu, sai ya kira su baƙi matafiya. Suna bin dokar garin da suka sauka, suna yi masa fatan zaman lafiya domin lafiyarsa tasu ce, amma sun san ba nan ne ƙarshen tafiya ba. Jama'a, me ake kiran wurin da ayari ke sauke kaya, a ɗaure jakuna, a hura wuta, a kwana, da niyyar tashi? Zango. Sunan unguwarmu ke nan. Abin da bishop ya shekara 13 yana rubutawa, kakanninmu fataken goro sun taƙaita shi a kalma ɗaya suka liƙa wa mazauninsu.

Kuma Lome ta ga dauloli da idonta. A Yulin 1884 Gustaf Naktigal ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa wannan gaɓa ƙarƙashin Jamus. A 1897 suka maido hedikwata nan. Suka gina gadar jiragen ruwa, suka shimfiɗa dogo zuwa Aneho da Kpalime da Atakpame, suka gina fadar gwamna da har gobe tana kallon teku. Limaman Katolika Jamusawa suka gama babbar majami'ar da ke kusa da babbar kasuwa a 1902. Gini ne irin na wanda bai yi niyyar tashi ba.

A Kamina, kusa da Atakpame, suka kafa tashar wayar iska mai dogayen turaku, wadda ke magana kai tsaye da Nawen, kusa da Balin, tana kuma isar da saƙo ga sauran yankunansu na Afirka da jiragensu a teku. Ni da nake cin abinci da makirfo, in na tuna wannan tasha sai in ji wani iri. Ba a daɗe da gama ta ba yaƙi ya ɓarke. Ranar 7 ga Agusta, 1914, sojojin Ingila suka shigo Lome. An ce harsashin farko da wani sojan ɓangaren Ingila ya harba a duk Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar nan aka harba shi, kuma wanda ya harba sunansa Alhaji Grunshi. Da Jamusawa suka ga ba mafita, sai suka rushe tashar da hannunsu don kada ta faɗa hannun abokan gaba. A wane dare? Daren 24 ga Agusta, wayewar 25. Na ce ku riƙe mani ranar. Shekara 1,504 tsakani. Ba na ce akwai wani sirri a ciki ba, dacewa ce kawai, amma ta sa ni murmushi. Ranar 26 suka miƙa wuya. Mulkin shekara 30 ya ƙare cikin mako uku.

Daga baya aka kori limaman Jamusawan ma. Da a ce imanin Kiristocin Lome a jikin tutar Jamus yake rataye, da ya bi jirgi tare da su. Ku bi ta bakin kasuwa ranar Lahadi ku ji ko majami'ar ta yi shiru.

Mu ma Musulmi an yi mana wannan jarrabawa. Kano ta faɗi hannun Nasara a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a Burmi a Yuli. Malamai suka yi ta muhawara: a yi hijira ko a zauna? Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ga watsewar Salaga a yaƙin 1892 ya koma Kete Karachi ƙarƙashin Jamusawa, ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, sannan ya ci gaba da karantar da ɗalibai har rasuwarsa a 1934, bayan Jamusawan sun daɗe da tafiya. Wannan bawan Allah shiri guda ya kamata a ware masa, kuma in sha Allahu za mu yi.

Abokin aikina na bayan gilashi yana nuna mani agogo, bari in haɗa kayana. Abu biyu. Na ɗaya, kada ku ɗauka Agustin ya tsira daga abin da ya soka: shi da kansa ya goyi bayan a yi amfani da ƙarfin hukuma a kan wani ɓangare na Kiristocin Afirka da suka saɓa masa, 'yan Donatus. Amininsa Marsilinus kuwa, daular da ya yi wa hidima ita ta fille masa kai a 413, shekarar da aka fara littafin.

Na biyu, ƙarshensa. A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Tsoho na kwance ba lafiya, ya sa aka rubuta masa ayoyin tuba na Zabura aka liƙa a bango inda zai iya gani daga shimfiɗarsa. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, maƙiya na bakin ganuwa. Garin ya faɗi, littattafansa suka tsira.

Dattawanmu da suka ga 1977, shekarar da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka dawo da jama'a nan arewacin birni, ba sa bukatar in fassara masu wannan. Katanga ta tafi, amma ladan bai fasa kiran salla ba, allo bai fasa zuwa makaranta ba, aka sake kafa wani zangon. Baba, Inna, in kuna saurare, ku ba jikokinku labarin yau da dare tun kuna kusa.

Lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A tashi lafiya.

[Kiɗan gurmi]